Yadda Na Zama Jakin Kaina

Ba zan gajiyar da ku da yadda na baro garinmu a ƙasar Tasawa ba, ko kwanakin da na yi a hanya. Abin da ya kamata ku sani shi ne na shigo ƙasar Ingilishi da abu biyu, mangala cike da kanwa da jakin uwata. Kanwar tawa ce. Jakin kuwa, wani baƙi mai farin baki da muke kira Duna, shi kaɗai mahaifina ya mutu ya bar mata, kuma shi ke ɗauko mata ruwa daga rijiyar bayan gari tun da gwiwoyinta suka fara ciwo. Da ƙyar ta ba ni aronsa na rani ɗaya. Maganarta ta ƙarshe ita ce, "Mati, ko ba ka komo da riba ba, ka komo min da Duna." Na yi dariya, na ce wa zai so wannan mai taurin kan.

Na isa Tsafe a shekarar da ake shimfiɗa layin dogo zuwa Gusau, an gama yankan gero, dawa na jiran lauje. An gaya mini leburori sun cika garin kuma kanwa na tsada, ba a kuwa yi mini ƙarya ba. Sai dai ban ko kwance igiyar mangala ba wani dogon mutum ya tsaya a kaina. Yana sanye da jar dara da rigar kaki wadda maɓallanta biyu suka rage, ga bulala a hammata. Bai dube ni ba. Kai tsaye ya kama haɓar Duna ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ɗaga kofato ya duba, ya daddanna gadon baya, ya gyaɗa kai. Sannan ya juyo ya zuba mini Turanci.

Daga baya na gane ko Baturen da aka haifa cikin Turanci ba zai fahimci abin da ya faɗa ba. Amma ni a lokacin daga ƙasar Faransi na fito, inda in mai jar hula ya yi maka maganar da ba ka ji, to kawai kake cewa. Da ya gama sai ya zama tafintan kansa.

"Bature yac ce a tara jakkai na ɗaukar itacen dogo. Kwana ukku ka zaka ka amshi abinka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina zan zo?"

"Wurin Bature."

"Wane Bature?"

Ya sake sakin wani Turancin, wannan karon da bulala a sama. Ya ture kanwata ƙasa ya ja igiya. Abin da ya fi ƙona mini rai, Duna da ba ya ɗaga ƙafa sai na karya masa kara biyu a gindi, ya bi mutumin nan tiɓi-tiɓi kamar tare suka tashi.

Kwana uku na cika na tafi sansanin masu aikin dogo. Heluman leburori, wato shugabansu, ya saurare ni, ya kira abokinsa ya ce in sake faɗa, suka yi dariya tare. Ya ce babu wanda ya aiki kowa tara jakai. Wanda na gani ana ce masa Saje Barmo, kuma ba saje ba ne, dako ya yi wa soja a yaƙin Jamus ya dawo da riga. Ya bar gari tun shekaranjiya.

Na zaga Tsafe kaf ina ba da labarina. Duk wanda na tarar sai in fara, ni aka yi wa kaza, ni aka cuta, jakin uwata ne. Mutanen kirki ne, ba na ɗaukar alhakinsu. Sai dai da na ambaci Saje da Bature sai in ga idon mutum ya koma wani wuri, ya ce Allah ya mayar da alheri, ya tuna yana da aiki a gona. Cikin mako guda na zama wanda in an hango shi ake sauya hanya. Kanwar ma na karyar da ita, na cinye abin da na samu. Ga gida ba ya komuwa, don da wane ido zan dubi tsohuwar nan.

Ranar kasuwa ina zaune gindin wata tsamiya, yunwa na nuƙurƙusata, na ji dariya ta tashi daga wajen 'yan ƙwarya. Na je na leƙa. 'Yan kama ne su biyu, irin masu wasan barkwanci da ke bin kasuwanni. Ɗaya gajere mai tumbi, ya shafe fuska da farar ƙasa, ya kifa ƙoƙo a ka, ya zauna kan turmi, wai shi Bature ne mai awon gonaki. Ɗayan tsoho ne siriri, ya tsaya can gefe riƙe da wata busasshiyar fata kamar wasiƙa, yana ba da labari da muryar nan ta mai karanta saƙon hakimi, ba hawa ba sauka.

"A zamanin da, can ƙasar Gurma bayan gulbi bakwai, anka yi wani baƙo mai auna gona da taki. In gonar talaka ta, sai ƙahwahunai su gajarce, taki ya yi yawa. In ta mai ba shi ƙwai ta, sai su yi tsawo."

Gajeren ya tashi yana tafiya ɗis-ɗis kamar kaza, sannan ya buɗe ƙafa har ya kusa tsagewa. Kasuwa ta kwashe da dariya. Kowa a wurin an auna masa gona, kowa ya san inda ƙasar Gurman nan take. Wani ya taɓa ni ya nuna mini wani mai farin rawani da ya riƙe ciki yana share hawaye, ya ce malamin taki ne da kansa. Na tsaya baki buɗe. Ni da na faɗi gaskiya tsirara ana guduna, waɗannan sun faɗi wadda ta fi tawa ana jefa musu goro.

Da taro ya watse na bi su. Tsohon sunansa Baba Labbo, gajeren Bawa. Na durƙusa na zazzage musu labarina, ina yi ina sharɓe. Baba Labbo na ɓare gyaɗa yana ci har na gama.

"Labarinka mai kyau na," in ji shi, "amma ɗanye na. Ba a cin shi haka."

"Baba, ba ci nake so a yi ba. Jakina nake so."

"To mi kaka so mu yi ma? Mu dogarai na?" Ya dubi ƙunshin kayansu, ya dube ni. "Kai ka rasa jaki, mu ko jaki muka biɗa. Ɗauki kayan ga mu tahi Gusau, ka ci abin da munka ci."

Haka na fara aikin jaki tun kafin a naɗa ni.

Tsakanin Tsafe da Gusau muka ya da zango a Kwatarkwashi. Ni ɗan ƙasar rairayi ne, inda kake hango mutum tun yana kamar ƙuda. Duwatsun garin nan suka tsaya mini a ka, duk inda na juya sai in ga kamar sun matso. A nan kewar gida ta kama ni sosai. Aka kawo mana tuwon dawa da miyar kuka, na sa loma sai na tuna furar geron uwata, na tuna yanzu da tulu take zuwa rijiya tana hutawa sau uku kafin ta kai. Na tsame hannuna daga akushi. Bawa ya ce in ba na ci in miƙo, Bafaranshe bai san daɗi ba. Ya cinye nawa da nasa, amma da safe ya ɗaukar mini rabin kaya ba tare da na roƙa ba.

A hanya Baba Labbo ya riƙa karanta mini ƙa'idojin sana'arsu. Labarin Tsafe ba a yin sa a Tsafe, sai ya kwana biyu a hanya ya huce. A tuɓe masa sunan mutum, a tuɓe sunan gari, a mayar da shi zamanin da. Dole a sami mai tsayawa gefe yana faɗin abin da ke faruwa, don masu kallo su riƙa tuna wasa ne. Babbar ƙa'ida kuwa, mai abu ba ya yin kansa a wasa.

Na ce wannan ai tsoro ne aka yi wa rawani. In an cire sunan Barmo, an cire Tsafe, an cire ni, me ya rage? Wa ya fi ni sanin zafin abin? Na dame shi daga Kwatarkwashi har muka hango ganuwar Gusau. A ƙarshe ya tsaya ya zubar da tukar goro.

"To. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Gobe hili naka na."

Kasuwar Gusau ta fi duk wadda na taɓa gani. Ga 'yan auduga, ga 'yan taba, ga mutanen kudu da suka biyo aikin dogo da yarensu. Bawa ya buga ƙwarya taro ya haɗu, ya sa jar hula ya zama Barmo. Baba Labbo ya koma gefe ya naɗe fatarsa ya zauna. Ni kuwa na shiga tsakiya da fuskata da rigata.

Na ce, "Jama'a, ni Mati, daga ƙasar Tasawa. Wani azzalumi da ake kira Saje Barmo ya ƙwace mini jaki a Tsafe da sunan Bature."

Bawa ya yi tafiyarsa ta ƙasaita, ya saki Turancinsa, wanda kullum shi ke kayar da mutane. Wasu yara biyu suka fara dariya, suka ga babu mai taya su, suka haɗiye. Ni ban lura ba, na riga na yi nisa. Na faɗi gwiwoyin uwata, na faɗi rijiya, na faɗi maganarta ta ƙarshe. Murya ta karye, na faɗi ƙasa na riƙe ƙafar Bawa ina kuka na gaske, da majina da komai. Bawa ya rasa yadda zai yi, ya sunkuyo yana raɗa mini, "Kai, sake ni, ni na Bawa."

Da na ɗaga kai, fili ya zama kamar hadari ya taso. Maza sun zame ɗaya ɗaya. Wasu mata na tsaye nesa sun rufe baki da gyale. Ƙwaryar da muka ajiye ko ƙwayar gero babu. Wani dattijo daga cikin masu kula da kasuwa ya zo ya ce, cikin ladabi, mu kwashe kayanmu, nan wurin ciniki ne, mai ƙara ya san ƙofar alƙali.

Har rana ta karkata ba mu ci komai ba sai faɗan Bawa. Baba Labbo bai yi fushi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Sai da Bawa ya gaji sannan ya ce, "Ka ga abin da kay yi? Kukanka shaida shika biɗa. Duk wanda yat tsaya ya ji sunan ga, gobe ana iya ce mai zo ka hwaɗi abin da kaj jiya. Mutanen ga suna da ɗiya, suna da gonaki. Dariya ko ba ta kai kowa gaban alƙali. Ka aza musu kayan da ba su iya ɗauka, sunka aje ma abinka."

Amma kukan nan bai tafi a banza ba. Wajen la'asar wata tsohuwa mai fura, Inna Tumba, ta zo ta dire mana ƙwarya cike, ta ce ba ta sayarwa ba ce. Furar gero ce, da nono mai kauri. Ta zauna tana kallona ina sha, ta ce ita ma tana da ɗa da ya tafi cin rani shekara huɗu ba labari. Da za ta tashi ta duƙa kamar tana gyara faifai, ta ce a hankali, "Mutumin da kac ce, ya yi aure wani ƙauye gaba ga Bungudu, hanyar Furfuri. Ni ban hwaɗa ma komi ba." Har yau in na sha fura mai daɗi ita nake yi wa addu'a.

Na tashi zan kama hanya a take. Baba Labbo ya riƙe mini riga, ya ce in na je me zan yi, in sake riƙe ƙafar wani? Ya ce samarin wajen Bungudu na shirin kalankuwa, wasan da suke yi bayan girbi, kuma ba sa rasa gayyatar 'yan kama. Labarina ya kwana fiye da biyu, ya isa dahuwa.

Kwana huɗu muka yi a bayan gari muna gyara shi. Tsafe ta koma ƙasar Gurma. Saje Barmo ya koma Kofur Kura. Na tambaya wa zai yi mai jaki tun da an hana ni. Baba Labbo ya aro taɓarya, ya kafa ta a ƙasa, ya cire hulata ya ɗora mata.

"Ga Mati nan. Taɓarya ba ta kuka, ba ta riƙe ƙahwar kowa. Abin da za ta ce ni ka hwaɗa mata."

"To ni fa?"

"Kai ka hi kowa sanin halin jakin."

Aka shafe mini fuska da baƙin tukunya, aka zagaye bakina da farar ƙasa, aka ɗaura mini kunnuwan kaba da wutsiyar rama. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ɗan mutum, mai gona, mai kaciya, a ce ya yi rarrafe. Amma da na sa hannu ƙasa sai na ga na san aikin. Na san yadda Duna ke kafe ƙafafu in an ja shi gaba, da yadda yake karkata kunne ɗaya in ana zaginsa, da kallon da yake yi wa mutum kamar ya san asirin gidansu. Bawa ya yi dariya har ya faɗo daga kan turmi. Wani abin mamaki, ina rarrafe ina kallon taɓarya da hulata, Baba Labbo na faɗin wautar da ta yi, sai na ji ni ma dariya na neman kufce mini. Lallai mai hular nan sakarai ne. Wa zai ba da jaki don an yi masa gwaranci?

Gargaɗi ɗaya ya yi mini. "Komi kag gani, komi kaj jiya, jaki ba shi magana. Sai abin da nic ce jaki ya yi."

Muka wuce Bungudu ranar kasuwa, muka isa ƙauyen ana tsakiyar kalankuwa. Samari sun naɗa sarkinsu na wasa da alƙalinsu na wasa, 'yan mata sun sha lalle, an jera dammunan gero a bakin fili. Maigari na gaskiya na zaune kan buzu da dattawansa. A damansa, kan tabarma sabuwa, ga jar dara, ga rigar kaki mai maɓalli biyu. Barmo ne. Ban ji tsoron ya gane ni ba. Ko a Tsafe haƙoran Duna ya duba, bai dubi fuskata ba.

Bayan la'asar aka ba mu fili. Baba Labbo ya ware fatarsa ya fara da muryar nan tasa marar gishiri. A zamanin da, can ƙasar Gurma, wani baƙo ya zo da jaki. Ya nuna taɓarya, aka yi dariya. Na shigo da rarrafe na kafe, Bawa ya ja na ƙi, ya tura na zauna, aka ƙara dariya. Bawa ya saki Turancinsa, Baba Labbo ya fassara ba tare da ya motsa gira ba: "Kofur yac ce, Bature na gaishe ka, shina kuma son jakinka ya zo su gaisa." Ya juya ga taɓarya ya saurara, ya ce, "Mai jaki yac ce, to."

Ta ƙasan ido nake kallon Barmo. An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, na ɗauka zai tsargu ya tashi. Ina! Shi ya fi kowa dariya, yana dukan cinya yana taɓa maigari. Ƙasar Gurma ce, zamanin da ne, Kofur Kura ne, ina ruwansa. Jama'a ma na dariya, amma na lura wasu na yi suna satar kallon sabuwar tabarma.

Sai Baba Labbo ya ƙara abin da ba mu shirya ba. Ya ce Kofur Kura bai san dabba ba. Da zai duba haƙoran jaki, wutsiya ya ɗaga. Bawa bai yi wata-wata ba ya zagaya bayana ya ɗaga wutsiyar rama ya leƙa, yana ƙirga haƙora da yatsa. Fili ya rikice, wata mata ta faɗi kan 'yar'uwarta. Barmo na share hawaye ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Wanga Kofur wawa na! Ba haka aka yi ba!"

Baba Labbo ya rusuna. "Ranka ya daɗe, mu 'yan kama na, mi munka sani? Ga gwani zaune. A gwada muna yadda aka yi."

Samari suka ɗauki tafi suna kiran Saje, Saje. Ya tashi ya gyara hula, ya karɓi bulalar Bawa ya sa a hammata, ya shigo fili. Ya kama haɓata da hannun nan nasa, ya buɗe mini baki ya tura yatsu biyu. Warin taba da man shanu ya cika mini hanci. Duk abin da ya huce cikin kwana huɗu ya taso mini lokaci guda, rijiya, tulu, gwiwoyin tsohuwa. Na ji kalmar ni ta hau maƙogwarona, saura kaɗan in miƙe tsaye in shaƙe shi.

"Jakin ko bai ce komi ba," in ji Baba Labbo daga gefe, a sanyaye, "don jaki ba shi magana."

Na haɗiye. Na karkata kunne ɗaya.

Barmo ya ɗaga hannuna ya duba kofato, ya daddanna mini baya. Sannan ya juya ga taɓarya ya zuba mata Turanci, nasa na ainihi, wanda ya fi na Bawa muni. Jama'a na ihu. Daɗi ya kwashe shi, ya nuna taɓarya da bulala.

"Haka niy yi ma wani Bafaranshe a Tsafe! Nic ce Bature ka biɗa, kwana ukku ya zaka ya amsa. Ko uhum bai ce ba. Jakin na nan gidana, duna na, babu kama tai ƙauyen ga!"

"Ikon Allah," in ji Baba Labbo. "Baturen ya ko ga jakin?"

"Wane Bature?" in ji Barmo, yana ƙyaƙyatawa.

Shi kaɗai ya ƙarasa dariyar. Ta mutu daga gaba ta bi layi har baya, kamar an zuba wa garwashi ruwa. Can wani tsoho ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ashe tunkiyata ma babu Bature." Wata mata ta ce da zakarunta biyu. Maigari ya janye buzunsa kaɗan daga sabuwar tabarma. Barmo ya tsaya yana waige-waige, ya rasa abin yi da hannunsa, sai ya mayar da shi bakina kamar zai ci gaba da wasa.

Baba Labbo ya dubi fatarsa ya karanta. "Nan hwa, jaki yac cije shi."

Jama'a, ban taɓa bin umarni da zuciya ɗaya irin na ranar ba.

Sauran ba shi da tsawo. Maigari ya tura samari gidan Barmo, suka dawo da tumaki uku da akuya da Duna, ya yi ƙiba har wuyansa ya ninku. Aka tambaya ina mai shi, Baba Labbo ya cire hula daga kan taɓarya ya ɗora mini. Na rungumi wuyan Duna da kunnuwan kabana. Shi kuwa ya dube ni ya kau da kai, da na ja shi ya kafe. Barmo aka wuce da shi gaban alƙalin Bungudu washegari, ban bi in ji yadda ta ƙare ba.

Baba Labbo ya so in zauna da su, ya ce bai taɓa samun jaki kamata ba. Na gode masa, na ce akwai mai jiran ruwa. Ya ba ni kunnuwan kaban ya ce in ajiye. Bawa ya raka ni har bakin gulbi yana zagin Faransawa, da za mu rabu ya cusa mini ƙullin ƙuli-ƙuli a aljihu ya juya da sauri.

A hanyar gida duk zangon da na sauka sai na ba da labarin, kuma yadda Baba Labbo ya koya mini nake ba da shi. Ko'ina ana dariya, ko'ina ana ba ni tuwo. Kafin in kai ƙasarmu na goge, na san inda zan dakata da inda zan karkata kunne.

Na iske uwata a tsakar gida tana tsince wake. Ta rame, tulu na gefenta da gammo a kai. Ta tashi da ƙyar ta shafa Duna tun daga goshi har wutsiya, sannan ta dube ni, ta dubi ƙasusuwan wuyana da tsagaggun ƙafafuna. Ta kawo fura ta zauna.

"Mi yas same ka can?"

Na gyara zama, na gyara murya. Na ce, "A zamanin da, can ƙasar Gurma, aka yi wani sakarai mai jaki."

Ba ta yi dariya ba. Na ci gaba, na kawo taɓarya, na kawo Turancin Kofur, wurin da ko kurma sai ya murmusa. Tana dai kallona. Sai ta ɗora hannu a gwiwata.

"Mati, ni ba mai kallo ba ta. Ban san kowa Gurma ba. Kai nit tambaya."

Na buɗe baki in ce ni, kalmar da na cika Tsafe da Gusau da ita har aka gaji da ni. Ta ƙi fita. Da ta fito kuwa ba ita kaɗai ta fito ba. Na ce, "Inna, ni na ji yunwa. Na ji tsoro in komo ba shi." Daga nan na kifa kai a cinyarta kamar yaron goye.

Ba ta tashi ba, ba ta tuna tana da wani aiki ba. Ta bar ni na yi har na gama.